Neman Kwandon Saye Mai Sauƙi don Shaguna Uku: Yamai, Afrilu zuwa Yuni 2025

Litinin, 7 ga Afrilu

Mako guda ke nan da ƙaramar Salla, kuma mutum uku sun ɗora mini aikin buɗe musu shago a intanet kafin Babbar Salla, wadda za ta faɗo farkon Yuni in Allah ya kai mu. Ta farko wata Hajiya ce mai atamfa, shadda, leshi da turare a Babbar Kasuwar Yamai. Na biyu Alhaji ne mai kilishi, rumfarsa na bakin wata tashar mota, rabin cinikinsa na matafiya ne. Na uku kawuna ne a Tawa, baduku, wanda ɗansa ya matsa a sa takalma da jakunkunansa inda mutanen Yamai za su gani.

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi shi ne wani aiki da na yi a 2023, wanda har yau yake tsaye a raina. Na gina wa wani ɗan kasuwa shafi mai kyau, amma duk ranar da kuɗin kaya ya motsa sai ya kira ni in canja masa. Wata huɗu ya gaji da kira, ni ma wasu ayyuka suka sha kaina. Farashi ya tsufa a shafin, mutane suna zuwa da kuɗin da ba ya sayen kayan, mutumin ya sha kunya har ya ce a rufe. Laifina ne. Na zaɓi manhajar da ta yi wa hannuna daɗi, ban duba hannun mai shagon ba.

Saboda haka ma'aunina a wannan karo guda ne. Mai shago, ko yaron shagonsa, ya iya abu uku da salularsa ba tare da ya neme ni ba: ya sa sabon kaya da hotonsa, ya canja kuɗi, ya ga wanda ya yi komandi. Manhajoji huɗu zan gwada: WooCommerce, PrestaShop, OpenCart da Shopify. Magento, wadda kamfanin Adobe ya saya a 2018, na ajiye ta tun yanzu. Tana son uwar garke mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da ake ajiye shafi a kanta, da ma'aikacin da zai zauna a kanta, kuma babu ɗaya cikin mutanen nan uku da ke buƙatar babbar mota don ɗaukar buhu biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kafin in taɓa kwamfuta, na roƙi Hajiya ta bar ni in wuni a shagonta. Ta sa aka ba ni kujera a bayan kanta, kusa da bandir ɗin shadda, na zauna daga azahar har aka fara rufe kasuwa.

Abin da na gani ya fi abin da aka gaya mini. Hajiya ta riga ta daɗe tana ciniki a intanet, sunan ne kawai ba ta ba shi ba. Ɗiyar ƙanwarta, yarinya mai shekara kamar sha tara da ke taya ta, ita ke shimfiɗa atamfa a kan kanta, ta ɗauki hoto, ta sa a WhatsApp. Ba a daɗewa saƙonni na shigowa, kusan duka da murya, wasu da Hausa, wasu da Zabarmanci. "Wannan mai ruwan goro nawa?" "Akwai irinta shuɗiya?" "Gaya wa Hajiya ta rage mini." In an daidaita, kiliya ta tura kuɗi ta Nita ko Airtel Money, Hajiya ta duba saƙo a tata salular, sannan a kira mai kabu-kabu da suka saba da shi. A gabana an yi masa kwatance haka: ya wuce gadar Kennedy, ya shiga Harobanda, bayan kantin magani akwai gida mai baƙar ƙofa da bishiyar dogon-yaro, in ya iso ya kira. Ba sunan titi, ba lambar gida, kuma kaya suka isa.

Duk wannan ciniki yana cikin wani littafi mai jan bango da Hajiya ke ajiyewa ƙarƙashin akwatin kuɗi. Na tambaye ta, tunda abin na tafiya, me take so shafin ya ƙara mata.

Ta ce, "Ɗana, tambaya ce ta ishe ni. Atamfa guda, mutum talatin su tambaye ni kuɗinta, uku su saya. Kuma sau biyu watan jiya mun sayar wa mutum biyu turmi guda. Wadda ta biya daga baya sai da na je gidanta na ba ta haƙuri."

Na rubuta wannan da babban baƙi. Ba ta nemi katin banki ba, ba ta nemi sayarwa Faransa ba. Tana son kuɗin kaya ya fito fili, kuma abin da ya ƙare ya nuna ya ƙare. Ciniki kuwa, na "rage mini", ta ce kada in kashe mata shi gaba ɗaya, don tsofaffin kiliyanta ba za su yarda ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na yi kwana uku ina gwada Shopify. Gaskiya ɗaya ce, wajen sauƙin hannu ta burge ni. Kamfanin Kanada ne, ya fara a Ottawa a 2006, kuma su ke riƙe komai: uwar garke, tsaro, sabuntawa. Mai shago ba ya ganin ko ɗaya daga ciki.

Inda lissafi bai fita ba shi ne kuɗi. Haya ce ta wata-wata, ana cirewa ta katin banki da kuɗin waje. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro guda, amma da dalar Amurka kullum sama da ƙasa ne. Hajiya ba ta da katin da ke biya a waje. Ke nan ni zan riƙa biya da nawa duk wata, in bi ta ta mayar mini, kuma ranar da katina ya sami matsala shagonta ya tsaya. Wannan shi ne dai igiyar da na ce ba zan sake ɗaura wa kowa ba. Ga kuma tsarin karɓar kuɗi na Shopify ɗin kanta, wanda bai iso Nijar ba, kamar yadda Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, shi ma bai iso ba. Wanda ya haɗa wani kamfanin karɓar kuɗi daban, a ƙaramin tsari ana cire masa kashi 2 cikin 100 na kowane ciniki, bayan abin da wancan kamfanin zai ci. Biyan hannu da hannu bai shiga wannan ba, amma hayar tana nan ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Na ajiye ta. Da ɗan Nijar ne mazaunin Turai mai asusun banki a can ya zo mini, ita zan fara nuna masa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na kafa sauran ukun a wurin ajiyar shafi guda, kowace da kaya goma na gwaji, na sa kuɗi a XOF, wato sefa, na share sifili biyun da ke bin farashi a baya, don ba wanda ke rubuta 12 500,00 a kasuwar nan. Aikin awa uku ya ci wuni, kuran ya ɗauke sau biyu, zafi kuma ba a magana. OpenCart sai da na ƙara mata Faransanci da hannu. PrestaShop, da yake haifaffiyar Faransa ce tun 2007, da shi ta zo.

Laraba, 23 ga Afrilu

Yau ce ranar gwaji, sai an gwada akan san na ƙwarai. Na koma shagon Hajiya da safe kafin mutane su cika. Na ce wa yarinyar ta ɗauki turmi guda ta sa shi a kowane shago da salularta, ni kuma zan yi shiru. Salular Android ce ƙarama, gilashinta ya tsage a kusurwa, kuma da megan da ta saya da kuɗinta take aiki, saboda haka duk shafin da ya daɗe yana juyawa ina ganin yadda take duban sa.

Ta fara da OpenCart. Ta rubuta sunan atamfar, ta danna ajiye, ya ƙi. Yana son a cika wani gurbi na taken da injin bincike zai gani, da wani na samfurin kaya da ke ɓoye a shafi na biyu, inda kuɗi ma yake. Hoto kuma yana wani shafin daban. Ta yi ta ja da yatsa biyu tana faɗaɗa allo. Bayan minti sha huɗu ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wai me yake nema a wurina?" A nan na karya alkawarin shirun na nuna mata.

PrestaShop ta fi yi mata sauƙin karatu saboda Faransancin ya zauna daidai. Ta sa hoto da suna ba wahala. Da ta iso wurin kuɗi ta tarar da gurbi biyu, HT (kuɗi ba haraji) da TTC (kuɗi haɗe da haraji), ta tsaya. Ta juya ta tambayi Hajiya wanne za ta cika, Hajiya ta ce kuɗin atamfa guda ne, jikka goma sha biyu da rabi. Ta cika, ta ajiye, ta buɗe shagon ba ta ga kayan ba, don akwai ɗan maɓallin da ke fito da shi fili wanda ba ta lura da shi ba. Minti tara. Ba na ganin wannan a matsayin aibu. An gina ta ne don kantin da ke da mai lissafi, mai fitar da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, mai ba da faktir, kuma ita faktir ɗin ma tana fitar da ita da kanta ba sai an ƙara komai ba. Ranar da mai kantin sari na kayan gini a kasuwar Katako zai zo mini da kaya ɗari biyar, PrestaShop zan kafa masa.

WooCommerce kuwa na ba ta ta hanyar manhajarta ta salula. Ta danna alamar ƙari, kyamara ta buɗe, ta gyara bakin atamfar da hannun hagu ta ɗauka, ta rubuta suna, kuɗi, turmi nawa ya rage, ta fitar. Minti uku da ƴan kai. Ba ta ce mini komai ba. Ta jawo wani turmin daga kan tari ta fara na biyu.

Hajiya, wadda duk lokacin nan take auna wa wata mata leshi, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Wanda ta yi shiru a kansa, shi za ka sa."

Juma'a, 25 ga Afrilu

WooCommerce ce ga Hajiya. Ba manhaja ce mai zaman kanta ba, a kan WordPress, manhajar gina shafuka, ake ɗora ta. Ta fito a 2011, kamfanin Automattic ya saye ta a 2015, kuma kyauta ce. Abin biya shi ne sunan shafi da wurin ajiya, sau ɗaya a shekara, kuma na yi su da sunan Hajiya, da lambarta, takardun suna hannunta. Ranar da ta ga dama ta kai aikinta wurin wani, ba abin da zai riƙe ta.

Nauyin da Shopify ke ɗauke wa mutum, wato sabuntawa da adana kwafi da tsaro, yanzu a wuyana yake. Na faɗa mata haka, muka yanka abin da za ta riƙa ba ni duk wata uku. Yarinyar na buɗe mata matsayin mai kula da shago kawai, tana ganin kaya da komandi, ba ta ganin wuraren da kuskure guda zai rushe shafin.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kwana huɗu a kan shafi guda, wanda mai saye ke cikawa kafin ya gama. Yadda ya zo, yana neman suna, sunan mahaifi, ƙasa, adireshi layi biyu, gari, lambar gidan waya, tarho da imel, kuma imel ɗin dole ne. Na tuna kwatancen baƙar ƙofa da dogon-yaro. Matar da ta sayi atamfar nan ina za ta sa shi a cikin waɗannan gurabe? Imel kuwa, da yawa cikin kiliyan Hajiya suna da shi ne don mai gyaran salula ya buɗe musu ranar da suka sayi waya, ba su taɓa leƙa shi ba.

Na sassabe shi ya koma gurbi huɗu: suna, lambar salula, unguwa, kwatance. Lambar na sa ta karɓi alƙaluma 8 kaɗai, 227 na gabanta a rubuce. Imel ya zama ganin dama. Ba rajista, ba kalmar sirri, mutum ya saya ya tafi kamar yadda yake yi a kasuwa.

Kuɗin kai kaya ya ɗan ba ni aiki. Manhajar tana raba wurare ne da ƙasa, jiha ko lambar gidan waya, mu kuwa da unguwa muke sani. Na kira mai kabu-kabun Hajiya, muka zauna da shayi, ya raba mini Yamai yadda yake cajin ta: na kusa kamar Plateau, Bukoki da Wadata kuɗi guda, irin su Yantala, Lazaret, Talaje da Banifandu wani kuɗin, ƙetaren kogi da wajen filin jirgi na uku. Na sa su a matsayin zaɓi uku, na ƙara "zan zo shago in ɗauka", da "a sa mini a mota" don na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas. Ya san garin nan fiye da duk taswirar da na buɗe.

Talata, 6 ga Mayu

Maganar biya. Na yi niyyar haɗa shafin da kamfanin da ke tattara kuɗin salula kai tsaye, yadda komandi zai tabbata da kansa. Da na zayyana wa Hajiya cewa kuɗin zai fara sauka a wurinsu, su cire nasu kason, sannan ya iso mata, ta girgiza kai. Ta ce kuɗin da bai yi ƙara a salularta ba, ba ta san da shi ba.

Ban ja da ita ba, don a yawan cinikin da take yi yanzu tana da gaskiya. WooCommerce na zuwa da hanyar biya ta tura kuɗi a banki, wadda ke ajiye komandi a matsayin jira har mai shago ya tabbatar. Ita na canja wa suna da bayani. Yanzu mai saye na ganin lambobin Hajiya na Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, da sunan da za a tura wa ta Nita ko Amana. Sai hanya ta biyu, biya in kaya sun iso, cikin Yamai kaɗai. Da zarar an yi komandi turmin ya fita daga lissafi, ko da kuɗi bai shigo ba tukuna, saboda haka mutum biyu ba za su sake sayen abu guda ba.

Doka guda na sa yarinyar ta rubuta a bangon jan littafin: hoton rasit da kiliya ya turo ba shaida ba ne, irinsa ana ƙera shi cikin minti biyu. Kaya ba sa fita sai Hajiya ta ga kuɗin a asusunta da idonta.

Ƙarƙashin kowane kaya kuma na sa maɓallin WhatsApp, wanda ke buɗe hira da sunan kayan a rubuce. Mai son "rage mini" ta bi nan.

Asabar da Lahadi, 10 da 11 ga Mayu

Na hau motar asuba zuwa Tawa, kimanin kilomita 550, ta Dosso, Dogonduci, Ƙonni, a karya a Tsarnawa a bi ta Badagishiri. Na tafi da niyyar maimaita abin da na yi wa Hajiya.

Na sami Kawu a zauren da na san shi tun ina yaro, a kan buzu, jar fatar akuya a cinyarsa, basilla a hannu. Na nuna masa shagon Hajiya a salula. Ya karɓa, ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To, wanga wuri da anka rubuta saura ukku, ni mi za ni sa? Ba ni da saura. Mutum shi ka zowa, in auna ƙahwa tai, in yanka mishi hwata."

Nan na gane ban yi masa tambayar da na yi wa Hajiya ba. Kawu ba ya tara kaya. Kowane takalmi na wani ne tun kafin a ɗinka shi. Wanda ke nesa yakan taka takarda a zana sawunsa a aiko, a zaɓi launi, a ba da rabin kuɗi, bayan kwana goma a sa a mota. Kwandon saye yana son abin da ke ajiye, mai kuɗi tsayayye. In na tilasta masa shi, sai na ƙirƙiri girma da launi da irin ɗinki na kowane takalmi, abin ya haura zaɓi ɗari, ɗansa kuma ya riƙa fama da su a rezon da ke zuwa yana tafiya.

Na ce wa ɗan nasa mu bar maganar shafi. Muka buɗe WhatsApp Business a salularsa, mai kundin nuna kaya tun 2019, har da ɗan kwandonta da aka ƙara a ƙarshen 2020. Da la'asar muka fito da takalma da jakunkuna tsakar gida, muka shimfiɗa farin zane a inuwa, muka ɗauki samfuri 22, kowane da kuɗin da yake farawa. Yaron ya sa rabinsu da kansa kafin magariba.

Kuɗin aikin da na yi tsammani ya ragu ƙwarai, amma ba zan sayar wa kawuna abin da zai mutu a hannunsa ba. Da zan tafi ya sa na taka takarda.

Alhamis, 15 ga Mayu

Shagon Alhaji mai kilishi kwafin na Hajiya ne, kaya shida kacal, na buɗe shi Litinin. Jiya da dare ya kira ni ransa a ɓace. Wani ya yi komandin ƙulli ashirin, shafin ya ce ya biya 2,000. Alhaji ya ce kayan jikka goma ne.

Da safe na je. Yaronsa ya nuna mini abin da ya yi, kuma bai yi ƙarya ba. Alhaji ya ce masa ƙaramin ƙulli "ɗari" ne, shi kuma ya rubuta 100. Ɗarin Alhaji dala ɗari ce, wato sefa 500, tunda dala guda tamma biyar ce. Babban ƙulli na "ɗari biyu", wanda jikka guda ne, ya shiga a 200. Da baki duk ƙasar nan da dala muke lissafi, a takarda kuma da sefa, kuma kowa na juya su a kansa ba tare da ya lura ba. Ni da na girma a cikin wannan lissafi ban tuna in faɗa ba. A shagon Hajiya abin bai taso ba don kayanta duk na jikkuna ne.

Alhaji ya kira mutumin da kansa ya yi masa bayani. Mutumin ya ce dama ya yi mamakin arahar, ya rage zuwa ƙulli takwas. Na gyara abu biyu. A gurbin kuɗi na rubuta da ja: "Da sefa, ba da dala ba. Dala ɗari, rubuta 500." A fuskar shagon kuma, duk kayan da bai kai jikka ba yana nuna duka biyun, 500 F, a ƙasa dala ɗari. Layi kaɗan ne na rubutu, a raba da biyar. Babu manhajar da na gwada da ta san da dala, kuma ba zan sake kafa shago a ƙasar nan ban fara da wannan ba.

Talata, 20 ga Mayu

Wani fulogi, wato ƙaramar manhajar ƙari, da na sa don maɓallin WhatsApp ya sami sabuntawa, na danna kai tsaye a shagon Hajiya ban gwada a kwafi ba. Shafin biya ya koma fari fat na kusan awa biyu. Na dawo da kwafin daren jiya, na cire fulogin ɗin, na rubuta maɓallin da hannuna. Fulogin da ke shafin, daga goma sha ɗaya na rage su zuwa biyar. Daga yau har bayan Salla ba na sabunta komai sai abin da ya shafi tsaro.

Hotuna ma sun yi nauyi, wasu sun kai mega huɗu yadda suka fito daga kyamara. Na sa ana matse su zuwa WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021. Yanzu mai duba atamfa ashirin ba zai ƙone forfensa ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Harshe. Kundin tsarin mulkin Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Na so in mayar da shagon duka Hausa, kuma raina na kan haka. Yarinyar ce ta tsayar da ni. Ta ce rabin masu sayensu Zabarmawa ne, kuma ko Hausawan ma da yawa da Faransanci suka koyi karatu a lakwal, rubutun Hausa mai tsawo yana ba su wuya. Muka tsaya a kan maɓallan su ɗauki biyu, gajeru. Da Loco Translate, fulogin fassara, na canja su.

Mun daɗe a kan kalma guda. Na rubuta "Ƙara a kwando". Hajiya ta ce ƙari shi ne gyaran da ake yi wa mai saye bayan ya biya, mutane za su ɗauka kyauta ce. Muka gwada "Zuba", ta ce atamfa ba gero ba ce. Aka tsaya a "Sa a kwando". Na ƙarshe kuma, maimakon doguwar jimlar da na tsara, ta ce a sa "Na saya".

Laraba, 28 ga Mayu

Kwana tara da fara yaɗa adireshin shagon a WhatsApp. Komandi 31 ta kwando, 7 a ciki daga wajen Yamai, 4 ba su biya ba aka soke. Masu bin maɓallin hira sun fi haka yawa, amma yarinyar ta ce yanzu ba sa tambayar kuɗi, da sunan kaya da farashinsa suke zuwa.

Na leƙa ciki na tarar an ƙara wa shadda uku kuɗi ranar Litinin, an sa sabbin leshi 14. Ba wanda ya kira ni. Na zauna ina kallon ranakun da aka yi canjin, na tuna mutumin 2023, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Litinin, 2 ga Yuni

Kasuwa ta cika, ba wurin sa ƙafa. Mai kabu-kabu ya ɗauko ƙanensa don ba ya iyawa shi kaɗai. Hajiya ta sa an rufe "a sa mini a mota" daga Laraba, kada kayan wani su kwana a tasha har Salla ta wuce, kuma yarinyar ta kira ni ne kawai don ta tambayi inda maɓallin yake.

Na Alhaji yana tafiya a hankali, komandi 9, yawanci masu aika wa ƴan uwa tsaraba. Ya riga ya ce bayan layya ciniki zai kwanta na ƴan makonni tunda nama zai wadata a kowane gida, a lokacin zan zauna da yaronsa mu sake hotunan, na yanzu sun yi duhu. Daga Tawa ɗan Kawu ya ce sun daina karɓar aiki, wanda ke hannu ya ishe su har Salla.

Abin da ya rage bayan Salla: saƙon salula ga mai saye in kayansa sun tashi, tunda imel ba ya isa gare shi, takarda guda mai hotuna da zan manna a bangon kowane shago, yadda in yarinyar ta koma karatu a Oktoba wanda zai gaje ta ya iya, da gwada dawo da kwafin shagon Alhaji, wanda ban taɓa yi ba. Gobe da safe kuma zan je tasha, takalmana sun iso tun Asabar.